Ɗaurin Iri a Kan Kantar Haliru

Wata Talata da hantsi Zayyanu ya shigo ofishina da fayil a hammata, yana murmushi irin na wanda ya gama aiki tun kafin ya soma. Zayyanu shi ne ƙaramin lauya a cikinmu. Bai daɗe da fitowa daga makaranta ba, kuma kansa na ja, wannan ban taɓa musu ba. Ya ajiye takardu a gabana, ya ce ƙarar wata Hajiya Luba ce daga Argungu, mai noman albasa. Ta ga injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana a waya, a shafin wani ɗan kasuwa da ke karɓar kuɗi tukuna sannan ya yo odar kaya daga waje. Ta biya, ya ce mata inji zai iso kafin dashe. Lokacin dashe ya zo ya wuce, inji bai zo ba, irin albasarta ya ƙone a gadon da ta rene shi.

"Oga, wagga ba ta da wuya," in ji shi. "Doka ta ce in an yi jinkiri a mai da ma mai saye kuɗɗinai. Mutumen ya yarda zai maido. Wasiƙa guda, shi ke nan."

Na ce, "Albasar hwa?"

"Ai ta yahe. Ga hirassu nan duka na buga. Duk sa'ad da yac ce a yi haƙuri, sai ta ce ba komi."

Na duba takardun. Gaskiyarsa, rubutu ne zalla daga sama har ƙasa, haƙuri daga wancan ɓangare, "ba komi" daga wannan. Na tambaye shi ina wayar take. Ya ce tana hannun mai ita a Argungu. Na ce to ya nufi tasha ya hau mota, ya je ya ga wayar da idonsa. Ya dube ni kamar yana tunanin lokacin ritayata ya yi. Sai na ce ya zauna tukuna. Abin da na faɗa masa shi nake rubutawa a nan, domin ba shi kaɗai ke ganin aikin nan karanta sashen doka ne da buga wasiƙa ba.

A Sakkwato na koyi aiki, a hannun wani tsohon lauya da ba ya son surutu. Shekarata ta farko a wurinsa ban buɗe baki a kotu ba ko sau ɗaya. Aikina ɗaukar littattafai, jera takardar kabon tsakanin farare kafin a zura a tafireta, da zama a gefe ina sauraro idan mai ƙara ya zo. In mutum ya gama zuba bayaninsa ya tafi, sai maigidan nawa ya juyo ya tambaye ni irin takalmin da ke ƙafarsa, da abin da ya riƙo a hannu, da wanda ya rako shi. Ni kuwa maganganun na rubuta kaf, ina jiran yabo. Yakan ce mutanenmu ba a baki suke ajiye maganarsu ba, saboda haka in bar tambayar me mutum ya ce, in koma tambayar me ya yi. A lokacin na ɗauka tsufa ne. Har yau da wannan karatun nake ci.

Da aka yanko jihar Kebbi daga Sakkwato, na biyo ayarin ma'aikata na dawo gida. Birnin Kebbi ta cika maƙil da mutanen da ba su da wurin kwana, ofisoshin gwamnati a gidajen haya, fayil-fayil a ƙasa an ɗaure da igiya. Na samu shago ɗaya a Nasarawa na kira shi ofis. Kayan aikina tafireta ce mai cin harafin ƙarshe, da kwalin littattafan shari'a da na roƙo daga maigidana, da babur, da baƙar riga, da hular gashin nan ta lauyoyi da nake ajiyewa a gwangwani don gara. Masu zuwa wurina yawanci rigimar haya ce da ta fili. Amma daga cikinsu akwai wasu da nake gane su tun daga bakin ƙofa, don sukan shigo hannu biyu babu komai, fuska a sanyaye. Su ne waɗanda suka biya kuɗin kaya, kayan bai zo ba.

Yaran yanzu na zaton waya ce ta kawo cinikin a biya yau a karɓa gobe. Ina! Tun kafin a haife ni malamanmu ke karantar da babinsa a zaure, sunansa salam, kuma sharaɗinsa a ambaci kaya, a ambaci lokaci. A shekarun da nake magana, kusan duk injin ban-ruwa da keken ɗinki da injin niƙa da ke shigowa garin nan ta haka yake shigowa. Ɗan kasuwa ya tara kuɗin mutane, ya tafi kudu, ya dawo da mota. Mun ji an ce soja sun kafa wata doka ta kare masu saye, amma tana can a takarda, ba ta da ofis a nan. Da tsohuwar dokar ciniki muke aiki. Ita kuwa abu biyu take nema kafin ta sa mai sayarwa ya biya asarar da jinkirinsa ya jawo. Na ɗaya, ya san abin da za a yi da kayan da lokacin da ake bukatarsa. Na biyu, kada ya zama mai saye ya nuna ya haƙura da lokacin. Mayar da kuɗi kam ko yaro ya san da shi, ba ya bukatar lauya.

Sai ga shekarar da hanyar kudu ta tsaya cik. Yajin aiki, rashin mai, manyan motoci a jere a gefen titi mako da makonni. Ni kaina babur ɗina ya fi kwana a jingine. A wannan shekara aka yi abin da ya kawo mini Arzika, ko da yake sai da damina ta wuce sannan na san da shi.

Ba shi ya fara shigowa ba. Wata mata ce doguwa, ta ɗaga labulen ofis ba ta jira an amsa sallama ba, tana janye da hannun rigar wani dattijo.

"Kai na lauya? To ga shi na kawo ma. Ni Hajo, wanga ƙanena na, Arzika, daga Zauro muke. Kunya za ta cinye muna gonar ubanmu, shi ko shina zaune shina tazbaha."

Arzika ya tsuguna a bakin ƙofa duk da ga kujera. "Ranka shi daɗe, ni ban zaka ƙara ba. Ita taj jawo ni."

Da ƙyar na haɗa labarin, rabi daga bakinta da ƙarfi, rabi daga bakinsa a hankali. Arzika manomin shinkafa ne, da jigo yake ban-ruwa tun tasowarsa, ya ga maƙwabta sun sayi inji suna noman rani mai yawa. Yana da gona biyu a fadama. Sai ya jinginar da ta gado, wadda shi da Hajo suka gada, ya kai kuɗin wurin wani ɗan kasuwa mai suna Haliru a Nasarawa, a kan inji zai zo kafin dashen rani. Niyyarsa ya noma ɗayar da inji, ya fanshi ta gadon da abin da ya samu. Ya zuba iri a gado, yana ba shi ruwa da ƙwarya. Inji bai zo ba sai da hadari ya fara haɗuwa. Iri ya lalace, rani ya wuce a banza, mai jingina ya noma gonar gado damina guda. Yanzu ya aiko cewa in wata daminar ta sauka ba a fansa ba, sai a cike ɗan abin da ya rage a mai da jinginar ciniki.

Na tambaye shi ko ya taɓa zuwa ya nemi injinsa. Ya ce yana zuwa duk ranar kasuwa. Na ce me yake cewa in ya je.

"Mu gaisa. Shi ce inji bai iso ba, a yi haƙuri. In ce ba komi, Allah shi kawo shi lahiya."

Hajo ta tafa hannu. "Ka ji ko? Ba komi! Gona na tahiya, ba komi!"

A nan ta faɗa mini dalili. Haliru ɗan malaminsa ne. A zauren mahaifin Haliru Arzika ya yi karatu, ya ci tuwon gidan, kuma Malam na kwance ba lafiya. Shi ya sa ba su je kotun alƙali ba, don da wuya a samu alƙali a garin da bai taɓa durƙusawa gaban Malam ba. Arzika ya ɗago kai a karo na farko, ya gindaya mini sharaɗi. In har za a yi shari'a, kada sunan Malam ya fito daga bakin kowa a kotu. In ya ji an ambace shi, zai tashi ya fita, gona ta tafi.

Duk lauyan da ya san aikinsa ya san abin da wannan sharaɗi ya yi mini. Dalilin shirun mutumin shi ne hujjata mafi ƙarfi, ga shi an ce in haɗiye ta. Abin da ya rage kawai mutum ne da ya yi ta cewa ba komi har lokaci ya wuce. Duk da haka na karɓa. Ban ce musu akwai nasara ba, na ce zan zo Zauro.

Ranar da na je na iske shi a bakin gonar da ta rage masa, muka zauna a inuwa kusa da tsohon jigonsa. Ga inji nan an rufe shi da buhu, sabo fil, ya zo bayan an gama bukatarsa. Ban ƙara tambayarsa abin da ya ce da Haliru ba. Na ce ya ba ni labarin tafiyar kanta. Yaushe yake tashi, da me yake zuwa, ina yake jingine keke. Ya yi ta amsawa yana mamakin lauyan da ya ƙona mai don ya ji labarin keke. Na ce in zai tafi yakan riƙe wani abu?

"A'a. Sai dai ɗan iri da nika cirowa ga gado in ɗaure bayan keke."

"Iri? Na mi?"

"In gwada mai."

"In ka gwada mai, mi kaka cewa?"

"Ban cewa komi. In aje bisa kanta, mu gaisa, in tambayi jikin Malam, in taso." Ya dube ni kamar na yi tambayar yara. "Ai shina da ido."

Wannan bawan Allah ashe duk mako yana kai takardar gargaɗi, ya ajiye ta a gaban mai shago, shi da kansa bai ɗauke ta a bakin komai ba. Ko Hajo ba ta san yana yi ba. Da na dawo gari ban tsaya ofis ba, na wuce layin su Haliru ina neman wanda ya gani. Na samu wani tela a shagon da ke manne da nasa, yana da rago ɗaure a ƙofa. Ina fara magana ya kwashe da dariya, ya ce ai ragonsa ya fi kowa sanin ranar zuwan Arzika, don da ya juya baya Haliru ke jefa ɗaurin a bahon ragon. Shi kuma ya ƙara mini wani abu da ban sani ba. A tsakiyar ranin nan wata mota ta samu ta ɓullo, ta sauke wa Haliru injuna kaɗan, kuma duk an kwashe su a yini guda.

A babbar kotu aka yi shari'ar, rani na biye, mai shari'a mutumin kudancin jihar ne da bai taɓa dasa shinkafa ba. Lauyan Haliru abokina ne daga Sakkwato, gwani ne, ba na rage masa komai. Ya ce hanya ce ta rufe, ba laifin kowa ba. Ya ce ba a sa rana ba, "kafin dashe" ba kwanan wata ba ne. Wannan bai dame ni ba, domin duk wanda ke zaune a bakin gulbin Rima ya san dashe lokaci ne sananne, ya fi kalanda tabbas. Sai ya sa Arzika a akwatin shaida ya fara yi masa tambayoyi, murya a sanyaye.

"Malam Arzika, ka taɓa ce ma Haliru shi maido maka kuɗɗinka?"

"A'a."

"Ka taɓa ce mai in inji bai zaka rana kaza ba ka hwasa?"

"A'a."

"Da yac ce ka yi haƙuri, mi kac ce?"

"Na ce ba komi."

"Sau guda?"

"Kullum."

Tafinta na juya maganar zuwa Turanci, tana fitowa tsirara, babu kunyar, babu ladabin da ke cikinta. Mai shari'a na rubutawa. Ina jin numfashin Hajo a bayana, na san saura kaɗan ta miƙe ta faɗi sunan da aka hana. Na juya na harare ta. Abokina ya zauna yana gyara hularsa, ya gama aikinsa da kyau.

A zama na gaba na zo da kwando. Na sa Hajo ta bi maƙwabtansu a Zauro ta samo mini iri daga gadaje daban-daban, wani ɗan ƙarami kore shar, wani daidai dashe, wani ya yi tsawo ya fara gaɓa, wani ya koma rawaya ya sunkuya. Abokina ya tashi ya ce bai yarda ba, kotu ba kasuwar Zauro ba ce. Mai shari'a ya ce yana son ya gani. Magatakarda ya rasa inda zai manna lambar shaida a jikin ciyawa, sai da aka nemo zare ya ɗaura wa kowane ɗauri 'yar takarda a wuya. Tela ya ba da shaidarsa, shi da ragonsa, har mai shari'a ya sunkuyar da kai yana ɓoye dariya. Sannan Haliru ya shiga akwati.

Haliru ba mugun mutum ba ne, kuma ban shiga da niyyar wulaƙanta shi ba. Matashi ne mai tsabta, mai ladabi, ya sha wuya a shekarar nan kamar kowa. Na jera ɗaurin a kan tebur a gabansa.

"Alhaji Haliru, gidanku ana noman shinkahwa?"

"Ana yi."

"To gwada ma kotu wanda ya isa dashe cikin waɗanga."

Ya nuna, bai yi jinkiri ba. Na ce ya nuna wanda ya fara wucewa. Ya nuna mai gaɓa. Na ce wannan mai rawayar fa, in aka dasa shi me za a samu. Ya ce wahala kawai.

"Ranar da Arzika yah hwara aje maka iri bisa kanta, wane iri na cikinsu?"

Ya dubi lauyansa, ya dubi tela da ke zaune a benci, sannan ya taɓa ɗan koren.

"Na ƙarshe hwa?"

Ban matsa masa ba. Wani abu da ba a koyarwa a makarantar lauyoyi shi ne barin shiru ya yi aikinsa. Fankar kotu ba ta juyawa don babu wuta, kowa na gumi, ni ma ina yi a ƙarƙashin hular gashi. Can ya miƙa yatsa ya nuna mai rawaya.

"Da kag ga iri na canzawa mako bayan mako bisa kantarka, mi kag gane?"

"Na gane lokaci na ƙure mai."

"Ka ɗauka ya haƙura da injin na?"

"A'a."

Da na tsaya nan ma ya isa. Amma akwai maganar motar da ta ɓullo a tsakiyar rani. Na tambaye shi ko an sauke masa injuna a lokacin, ya ce an sauke. Na ce a ranar irin Arzika na iya dasuwa? Ya ce yana iyawa. Na tambaye shi wa ya ba injunan. Ya ce wani ma'aikaci da ya yi barazanar kawo 'yan sanda, da wasu da suka tara masa jama'a a ƙofar shago suna zagi. Na ce su suka riga Arzika biya? Ya ce a'a, Arzika ne na farko.

"To don mi ba ka ba shi ba?"

Ya ce, a hankali, "Na san Arzika ba shi yi min rigima."

Ni da na yi tambayar, raina ya ɓaci ƙwarai, don ban zaci zai faɗe ta a fili haka ba. Na waiwaya na dubi Arzika. Ya sunkuyar da kai yana kallon tafin hannunsa, kuma na tabbata maganar nan ta fi asarar shinkafar yi masa zafi. Hajo da ke da baki kamar reza, ranar mayafi kawai ta ja ta rufe fuska. Na ce da kotu ba ni da sauran tambaya. Sunan Malam bai fito ba daga farko har ƙarshe.

Hukuncin bai ba mu duk abin da muka nema ba, kuma nakan faɗa wa yara wannan don kada su zaci shari'a tatsuniya ce. Mai shari'a ya ce rufewar hanya uzuri ne ga jinkirin farko, amma daga ranar da injuna suka sauka a shago uzuri ya ƙare. Ya ce ladabin mai saye ba yafewa ba ne, matuƙar mai sayarwa ya san ana jira kuma ya san abin da jiran ke ci. Ya sa a auna asarar da abin da maƙwabtan Arzika suka girba a ranin. Sannan ya rage wani kaso, ya ce da Arzika ya nemi hayar inji ko na 'yan kwanaki da ya ceci wani ɓangare na gonar. Wannan ma gaskiya ce, ban ɗaukaka ƙara ba. Abin da ya rage ya isa fansar gonar gado, kuma Haliru ya biya kafin ruwan farko, ba sai da aka aika masa ma'aikatan kotu ba.

Muna fitowa harabar kotu ranar hukunci, ina cire hula ina shan iska, sai na nemi Arzika na rasa. Can na hango shi ya tsallaka wajen motar Haliru, ya cire takalmi, ya rage tsawo.

"Ɗan Malam, ka yi haƙuri. Ƙaƙa jikin Malam?"

Haliru ya kasa kallonsa. Hajo ta zo ta tsaya kusa da ni, ta dube su, ta girgiza kai. "Lauya, ka gani ko? Wanga ba shi gyaruwa." Na ce mata ba gyara yake bukata ba. Wanda zai karanta abin da yake ajiyewa a kan kanta yake bukata, kuma aikin da ake biyana in yi ke nan. Daminar nan su biyu suka noma gonar ubansu. Da kaka Hajo ta aiko mini da shinkafar da ta turara da hannunta, ta ce a faɗa mini kada in saba.

Yau doka ta fi ta wancan lokaci ƙarfi nesa ba kusa ba. Ta ce a cika alkawari a kan lokaci, in jinkiri ya zama dole a sanar da mai saye da wuri, kuma akwai hukumar da ake kai kuka. Ina murna da haka. Masu sayar da kaya a waya da ke zuwa neman shawarata, abu ɗaya nake faɗa musu. Ranar da ka san kaya ba zai iso ba, ranar za ka faɗa, ka ba mutum zaɓi ya jira ko ya karɓi kuɗinsa ya nemi wani wuri tun lokacinsa bai ƙure ba. Kuma in kaya kaɗan ya iso, kada ka tsallake mai haƙuri ka ba mai tsiwa. Amma dokar, duk ƙarfinta, mutanen da take karewa su ne dai mutanen nan namu, masu cewa ba komi alhali ciki na ƙuna.

Nan na tsaya, na ce da Zayyanu mota na jiransa a tasha. Ya tafi ba don ya gamsu ba.

Washegari da safe ya shigo, babu fayil a hammata, babu murmushin. Hajiya Luba ta ba shi aron wayar. Ya ja kujera kusa da ni ya buɗe hirar, yana ja da yatsa a hankali. Ashe ranar da ta kawo ƙara, da ya tura hirar zuwa na'urar bugawa, ya zaɓi a cire hotuna don kada takarda ta yi yawa. Ga saƙon ɗan kasuwa, kaya na kan ruwa, a yi haƙuri. Ga nata, ba komi. A ƙarƙashinsa hoton gadon albasa, kore shar, babu ko kalma ɗaya a jikinsa. Ya ja gaba. Kaya na tashar jirgi, a yi haƙuri. Ba komi. Wani hoton, gadon nan dai, iri ya yi tsawo ya cunkushe. Haka har ƙasa, kowane "ba komi" da hotonsa, kuma kowane hoto da alamar an buɗe an gani. A na ƙarshe ganyen ya kwanta a kan busasshiyar ƙasa, ana ganin inuwar mai ɗaukar hoton a gefe.

Zayyanu ya daɗe yana kallonsa. Ya ce, "Oga, in buga su duka?"

Na ce, "Duka. Kuma ka tahi inda aka bugawa da launi, ko nawa na. In ka buga su baƙi da hwari, mai shari'a ba shi ganin ranar da kore yak koma rawaya."